Harsashin Zabi a Jakar Kakana

Harsashi bakwai ne a jakar: huɗu na zabi, uku na babban nama. A kan ukun nan aka raba kakana da bindigarsa. Abin ya dawo mini ranar da maƙwabcina ɗan Chaina ya kunna wutar tartsatsi a ƙofar shagonsa a unguwar Sri Petaling da ke Kuala Lumpur, don bikin sabuwar shekararsu. Da rana tsaka, ina duba kwalayen kayan mota da zan tura Kano, warin albarushi ya cika mini hanci, sai na ji raina ya ɓaci.

Kakana maharbi ne, a wani ƙauye gindin duwatsu. Bindigarsa mai baki biyu ce, kullum tana warin man gyaɗa da tsohon tsumma. Lokacin da na yi wayo idonsa ya fara hazo, amma hannunsa bai taɓa rawa ba. Harsasan duk jajaye ne, rubutun jikinsu ya goge, don haka da kunne yake rarrabe su. Ya koya mini, ina 'yar shekara tara. Ka girgiza na zabi kusa da kunne, sai ka ji shuu kamar gero a ƙwarya, domin 'ya'yan dalmarsa ƙanana ne masu yawa. Na babban nama kuwa ƙwas-ƙwas yake, kamar gyaɗa a ɓawonta.

"Matata," haka yake tsokanata, "ƙaramin yana da sauƙin samu, amma ba ya kisa. Wanda ya watsa wa gwanki shi, mugunta ya yi."

A ranin shekarar, bayan an ƙone ciyawa, sabon toho ya fito, aka ga sawun gwanki a bakin rafi. Baffana, ƙanin mahaifina, ya dawo daga birni da agogo da surutu. Ana jibi za a fita farautar, ya ɗauki bindigar a ɓoye ya tafi bayan dutse da abokansa, suka harbe manyan harsasan uku a jikin kuka don a ga gwaninta. Sai ya cike gurbinsu da na zabi, tunda duk ja ne. Wannan daga baya na ji shi a bakin yaran da suka bi su.

Da safen fita na girgiza harsasan jakar ɗaya bayan ɗaya kamar kullum. Bakwai ɗin duka shuu suke yi. Na gaya wa Baffa, ya murɗe mini kunne ya ce, "Ke, harsashi ai harsashi ne." Na ruga wajen kakana, Inna ta fizgo ni ta baya. A gidanmu mace ba ta tare maharbi da magana idan ya rataya jaka, wai tana karya sa'a. Ina kuka ina faɗa, tana toshe mini baki da gefen zaninta. Baffa ne ya ɗura wa kakana bindigar, don nuna ladabi.

Kakana ya sami gwankin a kafaɗa, inda ya kamata. Dabbar ta zabura da dalma a fata ta shige daji. Ƙa'idarsa ita ce abin da ka fitar wa jini sai ka bi shi. Kwana uku tsohon nan yana bin ɗigon jini a kan duwatsu masu zafi, har ungulu suka nuna masa wurin. Ta mutu ba yanka, ta kumbura, ko kare bai amfana ba.

Aka taru a zaure. Manya suka ce tsufa ne, ya ɗura na zabi bai sani ba, gobe mutum zai harba. Aka yanke a karɓi bindigar a ba Baffa. Na kutsa cikin maza na faɗi abin da na sani, har na ce a je a duba jikin kukar. Mahaifina ya wanke ni da mari, ya ce ba a haifi 'yar da za ta ƙaryata ƙaninsa a gaban mutane ba. Babu wanda ya taka zuwa kukar, ga ta nan ba nisa.

Kada ka ɗauka Baffa kaɗai nake jin haushi. Da yamma na sami kakana yana tufka igiya, na ce me ya sa bai yi magana ba.

"Tun da bindigar ta tashi na sani," ya ce. "Ba ta bugi kafaɗata yadda ta saba ba."

"To, Kaka?"

"Ɗana ne, matata."

Na bar wurin. Ya rufa wa ƙato mai gemu asiri, ya bar ni da shatin yatsu biyar a kumatu. Shekara ba ta zagayo ba Baffa ya sayar da bindigar. Kakana ya yi sauran kwanakinsa a gindin bango, yara na kiransa tsohon da ya harbi gwanki da harsashin zabi.

Yau ina nan Kuala Lumpur da 'ya'ya biyu da ba su san gwanki ba, in na yi musu Hausa su amsa da "boleh", wato "to" a yaren ƙasar. Dajin ma ya zama gonaki. Baffa ne babba a gidan yanzu, shi ake kai wa ƙara, ni kuma nake tura masa maganin hawan jini.

Ranar wutar tartsatsin nan na rufe shago na kira shi. Bayan gaisuwa na zayyana masa komai, daga kukar har zauren. Ya saurara, sai ya yi dariya har da tari.

"Wane harsashi kuma, 'yata? Wallahi ban tuna ba. Maganin nan dai ya kusa ƙarewa."

Na auna muryarsa yadda nake auna ta dillalai, na tabbata ba ƙarya yake ba. Kakana ya rasa bindiga da suna. Ni na riƙe maganar shekara talatin da wani abu. Shi ko kwana ɗaya ba ta hana shi barci ba, kuma maganin, na tura.