Layin da Auta Ya Bari

A ɗakin wankin asibitin, kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ba ta da tsayi, ba ta da surutu, amma in ta kama zanin gado ta kaɗa shi, sai ya kwanta mata kamar ya san laifinsa. A aljihun rigar aikinta, cikin leda saboda tururi, akwai wata 'yar waya mai madannai da lambobinta suka goge. Mai kula da injin wanki yakan ce, "Yaya, wayar nan taki ai ta isa fansho." Ita dai sai ta yi murmushi ta ci gaba da ninki.

Mutum ɗaya ne ya sa mata sunan. Mahaifiyarsu ta rasu ta bar mata Auta yana rarrafe. Ita ta goya shi, ita ta zane shi da ya fara gudun makaranta, manema kuma suka watse don ta ce da yaron za ta tare. Da ya fara samu a garejin gyaran mota, wayar nan ya fara saya mata. Layin ma shi ya yi wa rajista da sunansa da hoton yatsansa, don ranar tana bakin aiki. Daga baya ya bi abokai neman aiki a ƙetare. Kiransa na ƙarshe da wayar wani ya yi shi, iska na ta kaɗawa a bayansa. Ya ce an ƙwace tasa a hanya.

"Yaya, kar ki canza lambar nan. Ita kaɗai na haddace."

Shekaru suka shuɗe, ba shi ba labarinsa. Wayar ba ta taɓa kwana ba caji ba. Cikin rugugin injina Yaya takan ji tana ƙara, ta goge hannu da sauri ta ciro, ta tarar ba kowa. Baƙuwar lamba kuwa, ko ta masu talla ce, sai ta saurara har ƙarshe. Duk wanda ya ce mata ta haƙura ya ga ɓacin ranta. Kawunsu da ya taɓa cewa a yi wa yaron addu'ar mamaci, gaisuwa kawai ta rage tsakaninsu.

Sai kamfanin waya ya fara turo saƙo: za a soke tsarin kiran da take kai, za a kashe tsohon sabis, kowa ya koma sabo. Ranar hutunta ta je ofishinsu. Yarinyar da ke kan tebur ta ɓalle bayan wayar, ta ciro sim ɗin da farce, ta juya shi.

"Mama, wannan ya tsufa, ba zai hau sabon sabis ba. Sai an sake miki wani, wayar ma haka. Amma lambarki tana nan."

Yaya ta sauke ajiyar zuciya. Aka ce ta ɗora yatsa a kan na'ura. Jar wuta ta kama. Ta goge yatsan a zaninta ta sake ɗorawa, a zatonta sabulu ne ya cinye zanen.

"Ba yatsanki ba ne matsalar, Mama. Layin ba da sunanki yake ba."

"Na ƙanena ne."

"To sai ya zo da kansa."

"Ya yi tafiya, 'yar nan. Ban san inda yake ba. In bai zo ba fa?"

"Layin zai mutu. In an kwana biyu sai a ba wani lambar."

A ranta Yaya ta hango Auta a wani gari, ya roƙi aron waya, ya danna lambar da ya riƙe duk shekarun nan, wani ƙato ya ɗauka ya ce masa ba nan ba ne.

Yarinyar ta rage murya. Hanya ɗaya ce ta rage, in ji ta. In mai layi ya rasu, magajinsa yakan kawo takardar rantsuwa daga kotu, da shaida guda cikin dangi, sai a mayar masa da lambar.

Ta yi ta jan ƙafa har sabis ya fara ɗaukewa a unguwarsu, sandunan kan wayar suna raguwa. Da ta ga ba makawa, ta je ta durƙusa gaban Kawu.

"Yanzu kin yarda ke nan?" ya tambaye ta a hankali.

"Ban yarda ba, Kawu. Lambar nake so."

A kotu aka karanto rantsuwar, tana maimaitawa. Da aka zo kan kalmar "ya rasu", sai da magatakarda ya sake faɗa. Ta faɗi. Ta ji kamar da hannunta ta tura ƙasa a kansa, kuma ta tsani kanta a wannan lokacin.

A ofishin waya aka karya tsohon sim ɗin a gabanta, aka sa sabo cikin wata waya mai arha da ta saya. Yarinyar ta gwada kira, ya shiga tar. Yaya ta yi godiya ta kama hanyar gida.

Tun daga bakin layinsu ta hango takalma jibge a ƙofar ɗakinta. Kawu, bawan Allah, da kyakkyawar niyya ya sanar da dangi cewa ta sallama. An shimfiɗa tabarmi. Gwaggo ta taso ta rungume ta tana kuka, maƙwabta suka matsa mata wuri a tsakiya. Ba wanda za ta iya yi wa bayani, tunda takardar tana cikin jakarta da sa hannunta.

Ta zauna. Wata tsohuwa ta dafa gwiwarta.

"Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Auta."

Yaya ta laluba sabuwar wayar a ƙarƙashin mayafinta. Ba ta gama sanin kanta ba tukuna, amma ta gano inda ake ƙara sautin kira, ta danna har ya kai ƙarshe.

"Amin," ta ce.