Wayar Mama da ke cikin kwamfutata

"Mama, lokacin shan magani ya yi."

Muryata ce ta fito daga kwamfuta ɗazu, ina tsaka da aiki a ɗakinmu na unguwar Flatbush, nan ƙasar waje.

Mu masu haɗa manhajar waya, a cikin kwamfuta muke buɗe wayar gwaji, emuleta muke ce mata. Wannan na saita ta daidai da tsohuwar wayar Mama: ƙaramin sikirin, manyan haruffa saboda idonta, agogo kan lokacin Jos, inda take zaune. A kanta na gwada manhajar da na haɗa don ta riƙa tuna mata maganin hawan jini da muryata. Yau wata wayar gwajin nake nema, na buɗe wannan bisa kuskure.

Bara Mama ta rasu, ko jana'iza ban samu zuwa ba.

Maigidana ya leƙo daga kicin. "Rahila, in goge miki ita? Kada ta riƙa tayar miki da hankali."

Na ce, "Bar ta, Baban Joy. Duk duniya ita kaɗai ce ba ta ji rasuwar ba."

Maɓallin "Na sha" yana nan yana jiran yatsan Mama. Na kasa dannawa, na kasa rufewa.

Ku da kuka rasa iyaye, me kuka kasa gogewa?