Igiyar Inna Mai Shara

Kafin a kaɗa ƙararrawar safe, Inna Mai Shara ta riga ta zagaye filin makarantar makafi sau biyu. Zagayen farko da tsintsiya. Na biyu kuwa takan ɗaure idonta da ɗankwali, tana lalube da ƙafa. Duk inda ta yi tuntuɓe, ta san nan yaro zai faɗi. Ƙwaurinta duk tabo ne.

Ba wanda ya sa ta. Gajiya ta yi da ganin yara jere kan benci a lokacin motsa jiki, kamar masu zaman makoki. Sai ta kafa turaku, ta kewaye filin da igiya, ta yi mata ƙulle-ƙulle: ƙulli ɗaya, akwai rami a gaba; biyu, an zo kwana. Yaro ya riƙe igiya ya zura a guje, hannunsa na karanta masa hanya. Shekara goma sha tara ana haka. Mai gadi shaida ne, ranar da wata yarinya da ake kira Barewa ta fara gudu, bayan aji Inna ta zagaya ta share hawaye.

"Inna, na wuce ki," in ji Barewa.

"Wuce mana, 'yar nema. Da mai gwiwa ɗaya kike tsere?"

Bana wasu masu bincike suka zo da takardu, wai za su auna abin da ke hana yara makafi motsa jiki. Suka ƙirga ramuka, suka auna matakala. Mai tsintsiya kuwa ko sannu ba ta samu ba, balle tambaya. Da rahoto ya fito, igiyar ce cikas na bakwai, wai tana iya harɗe ƙafa. Shugaban makaranta ya sa aka kwance ta, saura mako guda Inna ta yi ritaya.

"Inna, yau ma zama za mu yi?" in ji Barewa.

"Masu ido sun duba, 'yata. Sun ce zama."

Inna, ke ce kika auna filin nan da jikinki. Ke ce idon da ba a rubuta a takarda ba. Da ɗan tafi da kyautar bokitin roba aka sallame ki. Mun gode, Allah Ya biya ki abin da mutane suka kasa.

Igiyar tana gidanta, ana shanya a kai, amma ba ta kwance ƙulli ko ɗaya ba. Duk mai zuciya irin tata ya je ya karɓo. Turakun suna nan a kafe. Barewa ma tana nan, a kan benci.