Tambarin da Alhaji Ya Sa Aka Buga a Takalmi

Ina cikin shekarata ta huɗu a Guangzhou abin ya faru. Ina da ɗan ofis a benen 'yan kasuwa na Tianxiu, ina haɗa wa 'yan kasuwarmu na Kano kaya ina tura musu. Ofishin da ke kallon nawa na wani Alhaji ne, mutumin zangon Kumasi, mai safarar takalma. Ya ba ni shekara goma. Tare muke azahar, tare muke cin abinci. Hausa ce a bakinsa tun yana goye, amma sunan da ke cikin fasfonsa na Turawan Ingila ne tsantsa. Ba zan rubuta sunan ba, don 'ya'yansa suna amsa shi har yau.

Mukan tsokane shi da Bature, shi kuwa sai dariya. Abin da ya sani kawai shi ne kakansa daga bakin teku ya hau zuwa zango, ya musulunta, ya yi aure, sunan ya biyo shi.

Wata rana ya shigo ofishina da waya a hannu, fuska cike da fara'a.

"Malam, karanta mani wannan. Turancinka ya fi nawa."

Wani shafi ne da ke ba da tarihin sunayen gidajen Ingila. Na karanta masa ina fassarawa. Sunan ya samo asali ne daga wani ƙauye da ke kan mashigin rafi. Manoma ne da fari, daga baya wani reshe ya koma garin bakin ruwa, suka mallaki jiragen ruwa, suka yi arziki, har sarkinsu ya ba su tambari. A nan shafin ya tsaya. Ga hoton tambarin a gefe, ɗan ƙarami kamar farce: jar garkuwa, farar igiyar ruwa ta ratsa ta, zaki a tsaye, sai kwalkwali a sama. A kan kwalkwalin akwai wani abu baƙi da ba ya fita sosai.

"Wannan fa mene ne?" na tambaye shi.

"Kan doki ne, ina jin. Ka ga, ashe mu 'yan babban gida ne. Na gaji da sayar da takalmi da sunan wasu. Wannan zan sa a nawa."

Na raka shi kasuwar takalma ta Zhanxi Lu, shagon wata mata da ya daɗe yana hulɗa da ita. Ta duba hoton ta ce ya yi ƙanƙanta, amma mai sassaƙa musu hatimi zai nemo wanda ya fi fita. Alhaji ya ce a buga shi da ruwan zinare a cikin takalmin, wajen diddige.

Bayan mako biyu muka koma. Kwanakin nan ne na ƙarshen sanyi da bango ke gumi saboda danshi, tayil na santsi, kaya ba sa bushewa. Matar ta fito da kwali ta buɗe. Baƙin sau-ciki ne mai kyau. Ta kuma ajiye hatimin tagullar a kan teburi. Alhaji ya ɗaga takalmin wajen fitila, na leƙa ta kafaɗarsa.

Ba doki ba ne. Baƙin mutum ne daga kai zuwa ƙirji, da igiya a wuyansa, ta zagayo ta ɗaure damatsansa ta baya. Mai sassaƙar gwani ne, har murɗin igiyar ya fitar.

Matar tana murmushi ta yi magana a wayarta, wayar ta fassara mana: "Laoban," wato maigida, "kakanka ne? Kuna kama."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Alhaji ya ajiye takalmin a hankali, ya goge hannu a rigarsa.

 Da muka koma ofis ya ce in nemo sauran tarihin. Na nemo, na so in tsallake wani wuri, ya ce in karanta duka. Jiragen wannan gida gaɓar tekunmu na Afirka suke zuwa, mutane suke lodi. An ba su izinin ɗora wannan kan a saman garkuwarsu ne don tunawa da ribar tafiye-tafiyen.

Nan take ya kira gwaggonsa a Kumasi, tsohuwar da ta rage a gidansu. Ya buɗe muryar wayar don ni ma in ji. Bayan gaisuwa ya tambaye ta inda suka samo sunan. Sai ta mayar masa da tambaya.

"Wa ya aike ka tono wannan?"

"Gwaggo, ki gaya mani kawai."

Ta ce ita ma a bakin kakarta ta ji, sau ɗaya. Su biyu aka gangaro da su daga arewa a ɗaure, wa da ƙane. Wan aka sa a jirgi. Ƙanen aka bari a gidan Baturen saboda ya iya kiwon dabbobi, kuma duk wanda ke cikin wannan gida sunan maigidan yake amsawa. Garin da aka kamo su, da sunan ubansu, babu wanda ya riƙe.

"Ubanka bai taɓa tambaya ba, ya kuma mutu lafiya," in ji ta. "Ka rufe abin nan."

Washegari ya koma ya soke odar, ya karɓo hatimin da takalmin gwajin. Matar ta rantse ƙafa ɗaya tak aka yi. Na ɗauka magana ta ƙare.

Wajen wata uku bayan haka na kai wani baƙo daga Kano sayen takalman yara a wani bene daban. Na ɗauki ɗaya ina duba ɗinki, sai ga mutumin da igiyarsa a wajen diddige. An cire sunan, an bar hoton. Mai shagon ya ɗaga mani babban yatsa, ya ce sabon tambari ne, 'yan Afirka na son sa. Kafin in fita daga benen na gan shi a shago huɗu.

Na kwana biyu ina shawara kafin na gaya wa Alhaji. Muka je wa matar, ta ce "meyo, meyo", wato a'a, ba ita ba ce, masana'anta ce, masana'antar kuma ta ce mai sassaƙa ne. Daga ranar Alhaji ya shiga bin shaguna ɗaya bayan ɗaya da fassara a waya, yana roƙon a cire. Wasu su ce to, wasu su zaci ragi yake nema. Ya daina zama a ofis. Masu ba shi oda suka gaji da jira suka koma wajen wasu. Ya rame, ya daina cin abinci da ni. Ranar da na ce masa ya haƙura, ya dube ni ya ce, "Malam, ba wanda ya san da hoton nan a kasuwar nan. Ni na kawo shi."

Shekara ba ta zagayo ba ya tattara ya koma Kumasi. Ya so ya canza sunan, manyan 'ya'yansa suka ƙi, don duk takardun karatunsu da shi aka yi.

Bara na je gida Kano hutu. Na fito daga sallar Juma'a a unguwarmu ina neman takalmina cikin tarin da ke bakin ƙofa, sai na ga wani ƙaramin takalmi, zinaren ya fara gogewa saboda taku, amma igiyar tana nan. Na tsaya har mai shi ya zo, yarinya ce riƙe da hannun babanta. Ta zura ƙafa suka wuce.

Alhaji yakan kira ni duk bayan 'yan watanni. Mu gaisa, ya tambayi iyali da kasuwa, sannan ya sassauta murya ya ce, "Takalmin nan ya iso wajenku a Kano?" Har yanzu ce masa nake ban gani ba.