Geron da Gari Ya Cinye

Shekarar da na fita daga gandun mahaifina a Rawayau, na gina rumbuna na farko, kuma don taurin kai na kafa shi a kwari, kusa da ɗakin matata. Kawuna ya ce in ɗora shi a kan duwatsu masu tsayi. Na ce to, na yi abin da na ga dama.

Mun gama girbin gero ke nan, wata ranar Laraba bayan azahar, sama ta ɓalle. Kafin la'asar ruwa ya ci gindin rumbun, ya zauna daɓas a cikin laka. Abincinmu na shekara guda ya jiƙe sharkaf. Jiƙaƙƙen gero kuwa kwana uku yake yi ya fara tsiro. Na tsaya a kansa ina kallo.

Da gari ya waye sai ga kawu da dami busasshe a ka. Ya sauke, ya ɗauki jiƙaƙƙe ɗaya.

"Haka aka yi tun kakanni," in ji shi. "Mu ci naka yau, kai ka ci namu da bazara."

Ban gama fahimta ba sai ga mutane jere kamar masu zuwa kasuwar Kurfi, kowa da nasa. Wasu har daga Wurma, a kan jakuna. Kafin hantsi duk gidan da ka wuce turmi ke amsawa. Kwana uku garin nan yana shan furar gerona, abokai suna tsokanata wai ta fi daɗi saboda an riga an jiƙa musu. Ni dai dariya nake, ina kai dammuna ɗaki da gudu, murna ta hana ni zama.

Daga ƙarshe wata tsohuwa ta zo, wadda ba ta da kowa, da kalar gona take rayuwa. Zangarku ne 'yan kaɗan a hannunta, a ɗaure da igiya. Na durƙusa.

"Inna, ki bar shi, wallahi ya isa."

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Mi ka ce? So kake a ce gidana kaɗai ne ba a ci geronka ba?"

Na miƙa hannu biyu na karɓa, kunya ta rufe ni. Ta zaɓi daidai yawan nata daga jiƙaƙƙen, ta ƙi ƙara ko zangarniya ɗaya.