Kocin da Ya Sallami Lamba Gomanmu

Da na samu aiki a Kaduna, a gidan kawuna na sauka, a Malali. Kawu ya daɗe da yin ritaya daga aikin gwamnati, kuma abu biyu ne ba ya wasa da su: sallar jam'i da ƙungiyar ƙwallon Kaduna. Tun yana saurayi yake bin ta filin wasa. Ya ga hawanta, ya ga faɗuwarta, bai taɓa sauya sheƙa zuwa ƙungiyoyin Turai da matasa ke kwana suna musu a kansu ba.

Bayan la'asar ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya. Mutum huɗu ko biyar ne ke zama, amma masu magana biyu ne: Kawu da amininsa, wani malami da ke koyar da Alƙur'ani da littattafai a Unguwar Shanu. Malam yana zuwa a kan tsohon babur ɗinsa. Bai taɓa shiga filin wasa ba, ya ce ba wurin zuwansa ba ne, amma babu wasan da ya wuce shi a rediyo.

Musunsu ɗaya ne, kullum shi ake maimaitawa. Wasu shekaru kafin zuwana, ƙungiyar ta ɗauki wani yaro ɗan Unguwar Shanu a gwajin sababbin 'yan wasa. Siriri ne, gajere, yana buga tsakiya, lamba goma. Kakar wasa guda ya yi yana ɗumama benci, sai koci ya sallame shi ya kawo wani dogon ɗan gaba mai faɗin ƙirji. Dogon bai tsinana komai ba. Shi kuwa yaron ya koma wata ƙungiya a wata jiha, ya yi jiki, ya yi suna, har ya tsallaka waje. Kafin ya tafi sai da ya zo Kaduna da sabuwar ƙungiyarsa ya wujijjiga mu a gidanmu.

Kawu yana filin a ranar, kuma bai warke ba.

"Makaho ma da ya ji ƙarar takun yaron nan zai riƙe shi," in ji Kawu. "Amma mutum da idonsa biyu, ana biyansa albashi, ya buɗe ƙofa ya ce masa sai wata rana."

"Alhaji, kai bayan an gama wasa kake zaɓen 'yan wasanka," Malam zai ce. "Shi kafin a fara ya zaɓa."

Abin da ya fi ba Kawu haushi shi ne, a hannun Malam yaron ya yi karatun allo. Ya kamata a ce shi ya fi kowa fushi, amma ga shi yana kare koci. Ni dai ina bayan Kawu. Nakan nemo hotunan wasan yaron a waya, mu haɗa kai muna kallon yadda yake raba ƙwallo, Kawu yana ta girgiza kai kamar an yi masa sata.

Wata Juma'a muka dawo daga masallaci, muka shiga gida. Kawu ya cire hula ya zauna, ya dube ni.

"Ka ga wanda ya yi salla a sahunmu, daga dama?"

"Dattijon nan mai ɗingishi?"

"Shi ne. Kocin ne."

Ashe ƙungiyar ta daɗe da rabuwa da shi, ya ɗan yi aiki a wasu garuruwa, yanzu ya dawo ya tare a gidansa da ke bayan layinmu. Kawu ya ɗauki kwanaki yana gaisa shi a tsaitsaye, iyakar abin da addini ya wajabta. Malam ne ya kawo ƙarshen abin. Wata yamma sai ga shi ya goyo mutumin a bayan babur, ya sauke shi a bakin tabarma.

"Alhaji, ga maƙwabcinka. Na gaji da amsa tambayoyin da ba nawa ba."

An gaisa, an tambayi iyali, an kawo shayi. Koci mutum ne mai sanyin murya, gashinsa duk ya yi fari, yana zama yana miƙe ƙafa ɗaya saboda gwiwa. Kawu ya yi iya ƙoƙarinsa na mai masauƙi, har aka sha kofi na farko. Daga nan ya kasa.

"Koci, don Allah kada ka ji haushi. Yaron nan, lamba goma. Me ka gani?"

Na ajiye kofina. Na san Kawu ya tanadi amsa ga duk hujjar da za a kawo: in an ce shugabannin ƙungiya ne suka matsa, yana da amsa, in an ce yaron ba ya jin magana, ga malaminsa nan zaune.

Koci ya ce, "Kuskure na yi, Alhaji."

Kawu ya ƙura masa ido.

"Babu wanda ya sa ni," Koci ya ci gaba. "Ni na ce a sallame shi. Na ga ƙwallo a ƙafarsa tun ranar farko, wannan ba ya ɓuya. Amma a atisaye da an taɓa shi sai ya faɗi. Na duba irin 'yan bayan da za mu haɗu da su a wasannin waje, na ce za su karya shi kafin rabin kaka. Muna kuma gab da faɗawa rukuni na ƙasa, ina neman wanda zai ci min ƙwallo da ka gobe-gobe. Ban yi haƙurin jira jikinsa ya cika ba. Wani ya yi haƙurin, ya ci riba. Ranar da ya zo ya ci mu, ina tsaye a bakin layi, wallahi rabina baƙin ciki, rabina daɗin kallonsa."

Ban taɓa ganin Kawu a irin wannan hali ba. Ya shirya faɗa shekara da shekaru, abokin faɗan ya zo ya miƙa wuya. Malam yana ta murmushi yana jan carbi.

"To," in ji Kawu daga ƙarshe, "ai da ma haka na ce."

"Haka ka ce, kuma ka yi gaskiya. Amma na ji an ce kana zagina kan tsohon golan da na ajiye na saka ƙarami. Wannan kam ko yau aka dawo da ni sai na sake."

Kawu ya gyara zama, fuskarsa ta washe. "A'a, Koci, tsaya nan! Golan da ya tare mana fenareti a wasan ƙarshe?"

"Ya tare. Amma ƙwallon sama fa? Kana tuna yadda yake fitowa kamar mai neman makullinsa a duhu?"

Har aka kira magariba ba su gama ba. Daga ranar Koci ya zama ɗan majalisarmu ta bakin tabarma. Suka bi kakar wasa ɗaya bayan ɗaya suna tonawa: wa aka ɗauka, wa aka bari, wa ya kamata ya riƙe kyaftin. Abin da ya burge ni da shi, bai taɓa jingina laifinsa ga wani ba, bai kuma taɓa yarda da laifin da bai gamsu nasa ba ne don kawai a zauna lafiya. Kuma ko sau ɗaya ban ji ya aibata ɗan wasan da ya yi aiki a ƙarƙashinsa ba. Dogon ɗan gaban nan da Kawu ke yi wa ba'a, Koci cewa ya yi, "Ya ba ni duk abin da yake da shi. Ni ne na nemi abin da ba shi da shi."

Bayan damina Koci ya gayyace mu wani filin makaranta a Unguwar Sarki, inda yake taimaka wa wata ƙaramar ƙungiya tantance matasa. Matasan sun cika filin, wasu takalmansu na aro ne. Ya ba Kawu kujera a inuwa ya ce, "Alhaji, yau tare za mu zaɓa."

Kawu ya ƙi kujerar. Ya tsaya a rana da babbar rigarsa yana bin kowa da ido, yana tambayata, "Wancan mai jar riga, ka ga yadda yake ɗaga kai kafin ya ba da ƙwallo?" A kan yawancin matasan ra'ayinsa da na Koci ya zo ɗaya. A kan mutum guda suka saɓa, wani mai buga hagu, mai saurin fushi. Koci ya ce ba zai yi nisa ba. Kawu ya kafe.

"Shi kenan," in ji Koci. "A ɗauke shi. In ya lalace, a tabarmarka zan zo in tuna maka."

Sai lokacin sallamar waɗanda ba a ɗauka ba ya yi. Koci bai tara su ya yi musu jawabi ba. Ya bi su ɗai-ɗai da ɗingishinsa, yana dafa kafaɗar kowa, yana gaya masa abin da ya iya da abin da ya rage masa. Wani ya ɓoye fuska a riga yana kuka, Koci ya tsaya tare da shi har ya natsu. Na juya in yi wa Kawu magana, na tarar ya koma mota ya zauna.

A hanyar gida ya daɗe yana kallon titi. Sai da muka shigo Malali ya ce, "Ashe haka ake yinsa. Ido cikin ido."

Mai buga hagun nan har yanzu yana ƙaramar ƙungiyar. Wani mako ya yi abin mamaki, wani mako a kore shi da jan kati. Kawu ya saya masa takalmi, kuma duk ranar wasansu yakan biya ta bayan layi ya ɗauki Koci a mota. Suna fita gida suke fara gardama a kansa, kuma har yau babu wanda ya san wanda zai yi gaskiya a cikinsu.