Garken Taurari da Yardar Baffa

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Safana, ni da ƙanena, a tsohuwar a-kori-kurata. Wajen Baffa muka nufa, a rugarsa ta bayan Ruma. Yaron ya gama jami'a, an kira shi Turai ƙarin karatu, Baffa kuwa ya ce ba inda za shi.

Hanya laka ce har Runka. Kuɗin man da ake ta faɗa a rediyo bai iso nan ba, sai a farashin ƙosai. Amma gero ya yi kore shar, gajimare na tafe a hankali kamar ba su da wurin zuwa.

Na ce ya faɗa mini karatun nasa da Hausa. Ya ce akwai garken taurari can nesa inda ido ba ya kaiwa, da wani ƙaton faranti ake sauraronsu ko da rana tsaka. Daga tsakiyar garken wuta ke fesowa hagu da dama. Da fari 'yar ƙarama ce, sai ta yi ta miƙewa har ta wuce garken. Ina tuƙi ina leƙen sama, saura kaɗan in hau jakin mutane.

A Batsari muka sha fura, mai furar ta cika ruwa. Daga Ruma muka taka da ƙafa.

Mun tarar da Baffa cikin shanu. Bayan doguwar gaisuwa ya saurari yaron, sannan ya tambaya yaya ake sanin girman abin da ran mutum ba zai kai ya ga ya girma ba. Ƙanena ya nuna maraƙi, ya nuna ɗan bijimi, ya nuna tsohon sa. Ya ce haka masana suke jera garkunan sama, daga ƙarami zuwa babba.

"Duka suke girma?" in ji Baffa.

"A'a, Baffa. Wasu hayaƙin gidansu ne ke yin kauri ya danne su. Nan ciki suke mutuwa da ƙuruciya."

Baffa bai dubi yaron ba, ni ya duba, ni da ya cire daga elemantare don kiwo. Ya daɗe yana dubana.

"Je ka," ya ce masa. "Allah ya tsare."

Mun iso Safana ana kiran magariba, bayana kamar zai ɓalle. Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne. Na yi shekaru ina zaton tsohon nan ya manta ranar da ya karɓe mini allon makaranta. Ashe bai manta ba. Wannan ya ishe ni.